Albasar Inna a Jirgin Aro

Tun da gwiwa ta fara yi mini gardama na mai da gindin bishiyar bedin da ke saman kwatar jirage wurin zamana. Daga nan ina hangen gada, ina hangen hayin Gaya, ina kuma kallon abin da gulbi ya koma. A 'yan shekarun nan da hanyar gada ta yi ta tsayawa, jama'a suka koma ruwa, sai kwatar Malanbil ta cika da matuƙan da ban san iyayensu ba. Saurayi zai jingine babur ɗin kabu-kabu da safe, ya karɓi hayar jirgi da hantsi, kafin azahar ya ɗebi mutane maƙil ya nufi tsakiyar ruwa yana latsa waya da hannu ɗaya. Ba na zaginsu, abinci suke nema. Amma in na ji yadda suke murɗa inji sai gabana ya faɗi, don ido ne ya tsufa, kunne yana nan. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da ni yana jiran layi, ya tambaye ni jirgi nawa na mallaka a zamanina. Na ce masa ko ƙusar jirgi ban taɓa mallaka ba. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffi, ni kuwa tun ranar nake ta juya zancen a raina.

Ni ba ɗan ruwa ba ne. A tudu aka haife ni, can bayan Gene, inda ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na sama. Na zo Malanbil da gemuna, da matata, bayan gonar gado ta yi mana kaɗan, na kama dako a kwata. A lokacin jiragen inji ba su da yawa, kowane an san shi da muryarsa. Kana zaune kana cin ƙosai za ka ji wani tari daga yamma, ka ce wane ne ya taso, ka share hannu ka sauka. Sauran duk filafili ne da gora. Da asuba abin da kake ji shi ne ƙarar ƙoƙo yana kankarar cikin jirgi ana kwalfe ruwan da ya kwana, da matan Dandi suna bugun wanki a kan dutse, da Sarkawa suna kiran juna daga jirgi zuwa jirgi da muryar da ba ta buƙatar ɗagawa, don ruwa da kansa yake kai ta. Warin kwata kuwa har yau yana hancina: ɗanyen kifi, kwalta da ake toshe jirgi da ita, da albasa. Yanzu warin esansi, man inji, ya danne su duka.

Ruwa ya shiga raina tun ban san ya shiga ba. In na sauke buhu na ƙarshe, maimakon in hau tudu in huta, sai in tsaya ina kallon hannun matuƙi. Wanda ya fara lura da ni shi ne tsohon da muke kira Baba Sarkin Jirgi, Basarke ne gajere mai ido ɗaya, shi ke raba layi a kwata, shi ke raba faɗa, kuma yana da tsohon jirginsa na katako mai tsawo. Wata rana ya miƙo mini ƙoƙo ya ce in ina son ruwa in fara da fitar da shi. Damina biyu na yi ina kwalfa a tsugune tsakanin ƙafafun mutane. Daga nan aka mai da ni goshin jirgi da gora, ina auna zurfi, ina ture kainuwa, ina koyon karanta fuskar ruwa: inda ya yi santsi kamar an shafa mai akwai rami, inda yake ƙananan ƙuraje akwai yashi a ƙasa, inda ya kumbura ba iska to dorina ce, a ba ta hanya. Baba ba ya bayani mai tsawo. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya tambaye ka ko gonar ubanka ce kake hawa. Yakan ce gulbi biyu ne a wuri ɗaya, jan ruwa na damina mai fushi da tarkace, da baƙin ruwa da ke zuwa daga nesa lokacin sanyi, mai shiru mai ƙarfi, kuma wanda ya san ɗaya rabin matuƙi ne.

Hannun inji kuwa ba a ba ni shi rana ɗaya ba, sata-sata na same shi. Wanda ba shi da jirgi sai ya zama na kowa. Yau mai wannan jirgi yana zazzaɓi, gobe mai wancan matarsa ta haihu, jibi wani ya tafi yankan shinkafa, sai a ce a kira ɗan tudu. Sunan da suka sa mini ke nan, ya bi ni har furfura. Ban taɓa cewa a'a ba, ko da ladan bai wuce tuwon rana ba. Da haka na san halin injuna kamar yadda mai kiwon haya yake sanin halin shanun mutane. Akwai wanda ba ya tashi sai an ja igiya sau uku an bar shi ya yi tunani. Akwai wanda yake mutuwa in ka sassauta masa a kwana. Akwai jirgin da yake karkata hagu tun daga wurin masassaƙi, sai ka riƙa lallashinsa da gwiwar hannu. Masu jiragen kowa nasa kawai ya sani, ni na san na kowa, amma ko kusa ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Abin da nake gani shi ne da yamma kowa yana ɗaure jirginsa, ni ina miƙa igiya in hau tudu hannu rabbana. An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma na ji sanyin wannan magana a jikina shekara da shekaru.

Akwai wata al'ada ta kwatarmu da ba wanda ya taɓa kiranta al'ada, don kowa yana ganin hankali ne kawai. Jirgi ba ya tashi sai ya cika. Esansi yana da tsada, babu mahaukacin da zai ƙona shi don ya kai iska wani gari. Daga tungaye, ƙauyukan bakin ruwa, a taho da albasa da shinkafa da awaki da mutane, daga kasuwa a koma da gishiri da siminti da atamfa da mutanen nan dai. In ba a cika ba a jira, ko da za a wuni. Jirgi yakan nutse har ruwa ya rage taƙi ɗaya ya kai baki, mutum yana zaune yana iya wanke hannu ba tare da ya sunkuya ba. Irin wannan jirgi shi aka saba miƙa mini, shi hannuna ya sani: mai nauyi, mai jinkirin tashi, mai jinkirin tsayawa, wanda in ka nuna masa hanya iska ba ta isa ta sauya masa ra'ayi ba.

A cikin masu hawa akwai wata mata daga wata tunga ta yamma, babbar 'yar kasuwar albasa, kowa Inna yake ce mata. Doguwa ce, mai murya, ba ta zama ko'ina sai tsakiyar jirgi a kan buhunanta, da goro a kunci. Ranar da aka fara ba ni hannun inji tana ciki, ta ce a sauke ta a gaɓa, ita ba ta sayar da ranta ga manomin dawa ba. Da ƙyar aka lallashe ta. Daga ranar kuwa ba ta ƙara barina na huta ba. Albasa ba ta son ruwa, buhu ɗaya in ya jiƙe zai ruɓar da na kusa da shi, don haka ɗigo ɗaya in ya fantsamo sai ta juyo ta wanke ni tas gaban jama'a, da Hausa, in Hausa ta ƙare ta ƙarasa da Dandanci. Na tsane ta a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma tsoron bakinta ne ya koya mini yadda ake karɓar igiyar ruwa a kaikaice, yadda ake sassauta inji kafin ta iso a ƙara bayan ta wuce, har jirgi ya hau ya sauka ba tare da ya tofa wa kowa ba. Sannu a hankali faɗan ya ragu. Ba ta taɓa yaba mini ba, sai dai ta daina juyowa.

Ana nan sai rayuwa ta matse. Matata ta samu ciki na biyu, ladan tuƙin aro ba ya ciyar da gida, dako kuma ya fara cin bayana. Wana da ke kudu, can bakin teku, ya aiko cewa ya samo mini wurin sauke kaya, har ya yi magana da wani direban babbar mota da zai ɗauke ni in an tashi kasuwa. Babban wa uba ne, ba a yi masa gardama da baki wofi. Matata ba ta ce kar in tafi ba, ta dai wanke tufafina ta ninke, ta daina kallon idona. Mun san waɗanda suka tafi kudu. Wasu suna dawowa da sallah, wasu sai labari. Ni kuwa in na tuna zan bar gulbi sai in ji kamar an ɗora mini buhun gishiri a ƙirji.

A wannan makon ne aka ji cewa wasu masu taimako sun ba likitar gari, wato asibitinmu, jirgi mai sabon inji, don ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga tungaye da gungu. Ana neman matuƙi mai albashi. Masu jirage ba wanda zai bar nasa ya tuƙa na wani, don haka ido ya dawo kaina. Sharaɗi ɗaya ne: sai mai takarda, parmi na tuƙin jirgin inji. A kwatarmu kaf ba mai ita, Baba ma dariya ya yi da ya ji, ya ce shi dorina ce ta sa masa hannu. Aka ce wani ma'aikaci zai zo daga kudu ya gwada masu so, kwana ɗaya zai yi, kuma ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Kowa ya zo da jirginsa. Na je wurin Baba ina sosa ƙeya, kafin in buɗe baki ya ce in ɗauki nasa. Jirgin yana tungaye, sai safiyar ranar zai iso da kayan kasuwa. Ban damu ba. Na san wannan jirgi fiye da yadda na san ɗakina.

Ranar ta zo ana gobe kasuwa, lokacin baƙin ruwa, gulbi ya cika ya shanye duk tudun yashi, iska kuma tana busowa daga gabas da ƙarfi. Ma'aikacin, wanda muka kira Mushe, yadda ake ce wa ma'aikata da Faransanci, siriri ne mai tabarau, ya taɓa aiki a arewa har ya tsinci Hausar kasuwa. Ya zauna a kan benci da babban littafi a cinya. Tambayoyin baki ba su ba ni wuya ba: ta wane hannu ake kauce wa jirgi mai tahowa, me ake yi in inji ya mutu a tsakiya, me ake yi in mutum ya faɗa. Jirgin Baba ya iso, muka sauke shi tas, ni ma da kaina na sa kafaɗa. Mushe ya ce doka ta hana wanda ake gwadawa ya ɗauki kowa sai mai gwajin. Ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ya shiga, ya zo ya zauna dab da ni a baya don ya ga hannuna. Aikin shi ne in tashi, in zagaya ƙafar gada, in dawo in ajiye jirgi a gefen wani turke da ya nuna.

Na ja igiya, inji ya amsa, na murɗa masa kamar yadda na saba. Jirgin ya zabura kamar jakin da aka tsikara. Goshi ya ɗaga sama har ya rufe mini gaba, Mushe ya kama katako da hannu biyu. Na sassauta, iska ta kama goshin ta juya shi, na gyara, ya wuce inda nake so, na sake gyarawa, ya wuce ta ɗaya gefen. Jirgin da na sani shekara da shekaru ya zama baƙo a hannuna. Da taimakon Allah na zagaya ƙafar gada, amma da kusan da har na ga gansakukar da ke jikinta. Da muka nufo kwata sai na kashe inji tun daga nesa, don jirgi mai kaya haka ake yi masa, nauyinsa ya ƙarasa da shi. Wannan kuwa yana jin inji ya yi shiru sai ya tsaya, iska ta kwashe shi a kaikaice, ta kai mu cikin ciyawar burgu wajen masu wanki. Muka daki gaɓa da gefe, ruwa ya watso, ya jiƙa Mushe daga gwiwa zuwa takalmi.

Kwata a cike take. Dariyar da aka yi har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Mushe ya fita yana yarfe wando, ya koma bencinsa ya kira na gaba, wani ɗan mai jirgi. Ni kuwa na hau tudu na zauna bayan rumfar mai shayi. Ban yi kuka ba, amma na ga motar kudu a idona, na ga tufafin da aka ninke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san abin da ya faru ba. Har na fara zargin ko wani ne ya yi mini hassada.

Bayan azahar Baba ya same ni a nan. Ya tsuguna yana kallona da idonsa ɗaya.

"Ɗan tudu," ya ce, "tun da kake, ka taɓa tuƙin jirgi hwanko, babu kaya ciki?"

Na buɗe baki zan ce sau nawa, sai na tsaya. Na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgi yakan kai nasa wanki, yakan matsa da shi daga wannan kwata zuwa waccan, yakan gwada inji bayan gyara, duk ba kaya. Ni kuwa ba a kirana sai jirgi ya cika. Na ce masa ban taɓa ba, ko sau ɗaya.

Ya dafe kai. "Laihinmu na, ba naka ba. Mu munka manta."

Ya tashi ya nufi benci, ni ina biye da shi kamar wanda za a kai wa alƙali. Ya gaya wa Mushe cewa wannan mutum ya fi shekara biyar yana kawo rayukan mutane kasuwa, cikin jan ruwa da baƙi, bai taɓa ɓatar da ko akuya ba. Ya tambaye shi, takardar nan ta ɗaukar mutane ce ko ta ɗaukar iska? Mushe ya ce shi abin da ya gani da idonsa zai rubuta, kuma wandonsa bai gama bushewa ba. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba. Ya ce a sake gwada ni da jirgi a cike, in na kuskure shi da kansa zai hana a ƙara ba ni inji a kwatar nan. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya duba agogo, ya ce motarsa za ta tashi bayan la'asar.

"Mutum dai a'a," ya ce. "Doka ta hana. Kaya kuwa, ban ce komi ba."

To, kayan wa? Yashi yana ƙarƙashin ruwa, buhun da ba komai a ciki kuwa ba a samunsa ana gobe kasuwa. Abin da ke kwata shi ne dukiyar mutane, tsibi-tsibi, tana jiran a kai ta rumfa. Baba ya zagaya yana tambaya. Mai shinkafa ya ce an riga an saya. Mai siminti ya ce ba nasa ba ne. Wasu da na sha kawo su lafiya suka sunkuyar da kai suna gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ban ga laifinsu ba, ko a lokacin. Da idonsu suka ga na hau gaɓa da safe.

Inna tana zaune a kan buhunanta, albasar fari ce ta shekara, wadda ake rububi, duk abin da ta tara yana cikinta. Ba wanda ya tambaye ta, don ba wanda ya yi tsammani. Ta tofar da goro ta miƙe ta kira 'yan dako.

"Ku kwashi albasata ku zuba mishi. Duka."

Na ce, "Inna, in ta jiƙe fa?"

"Shekara nawa kana kawo ta ba ka jiƙa ta ba, sai yau da baƙo ya zaka? Tashi, ɗan tudu, kak ka ba mu kumya."

Ni na jera buhunan da hannuna, masu nauyi a tsakiya, saura gaba da baya, har jirgi ya zauna cikin ruwa yadda na san shi. Mushe ya ga tazarar da ta rage tsakanin ruwa da baki, ya ƙara ɗaure rigarsa, amma ya shiga, kuma wannan na riƙe masa shi a matsayin alheri har yau. Na yi bisimilla na ja igiya. Da jirgin ya motsa, a hankali, da nauyinsa, sai na ji numfashina ya dawo. Iskar nan dai ce, ta ma ƙaru, amma yanzu sai dai ta wuce ta samanmu. Wajen gada ruwa yana murɗawa, igiyoyi suna tasowa, na karɓe su ɗaya bayan ɗaya a kaikaice, ina jin muryar Inna a ƙeyata ko da tana can gaɓa. Na zagaya ƙafar gada da tazara mai kyau. Mushe ya ce in kashe inji a tsakiya in tayar, na yi. Ya jefa wata jarka ya ce mutum ne ya faɗa, na zagayo ta inda ruwa ke gangarawa na ɗauke ta da hannu ɗaya. Da muka nufo kwata na kashe inji a daidai inda na kashe da safe, jirgin ya taho da kansa, shiru, ya zo ya jingina da turken kamar ya san shi.

Ba wanda ya yi tafi, ba halinmu ba ne. Inna ce ta fara saukowa, ba ta ko dube ni ba, ta bi buhunan tana shafawa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ta ce wa 'yan dako su kwashe, rana tana yi. Mushe ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce takarda za ta zo daga baya, ya ba ni wata 'yar ƙarama mai hatimi in riƙe kafin nan. Sannan ya ce mini, a hankali yadda ba kowa zai ji ba, jirgin likita fanko yake fita, in je in koya. Na zauna a bakin ruwa na wanke fuska na daɗe ina wankewa. Da na isa gida na miƙa wa matata 'yar takardar. Ba ta iya karatu ba, ni ma haka. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce warin albasa take yi. Sannan ta tashi ta kwance ƙullin tufafin ta mai da su cikin kwalla.

Motar kudu ta tafi ba ni. Na aika wa wana da haƙuri, ya yi fushi na wata biyu ya huce. Baba ya sa ni gaba mako guda, da esansin da ya saya da kansa, muna fita da jirgi ba kaya mutane suna mana kallon mahaukata, har hannuna ya gane. Duk da haka da na karɓi jirgin likita sai na cika buhu uku da yashi na ajiye a goshi, kuma suna nan har ranar da na miƙa makulli. Malaman likita sun sha tambayata amfaninsu, in ce musu abokan hira ne. A wannan jirgi na tsufa. A cikinsa aka haifi yaran da yanzu wasunsu ke ɗaukata a babur ba sa karɓar kuɗina. 'Ya'yana sun tashi ina gida, na aurar da su ina gida, na binne Baba da hannuna. Ban taɓa ɗaure jirgi na ce nawa ba, kuma tuni wannan ya daina yi mini ciwo.

Shi ya sa in na ga samarin yanzu nake jin abu biyu. Suna samun inji cikin sauƙin da ban taɓa mafarki ba, amma ba su da tsohon da zai tsuguna ya gano musu abin da ba su sani ba, ba su kuma da mai zaginsu saboda ɗigon ruwa. Fasinjan yanzu baƙo ne, ya ƙetare ya tafi, ba zai sake ganinka ba balle ya gyara ka. Wanda ya tambaye ni jirgi nawa na mallaka, na ce masa gobe ya zo da sassafe kafin layi, mu fita da jirgin ba kowa, in nuna masa wani abu. Ya ce esansi fa? Na ce haka mu ma muka ce.

Inna kuwa na ɗauke ta sau ɗaya a jirgin likita, shekaru da yawa bayan haka. Da hantsi aka aiko daga tungarsu, cikin jan ruwa, iska tana tashi. Na tarar an fito da ita a tabarma, doguwar matar nan ta koma kamar ƙullin kaya, an lulluɓe ta da zane. Muka shimfiɗa ta a tsakiya, wurin zamanta. Na ɗauka ba ta san inda take ba, sai ta buɗe ido.

"Ɗan tudu, kai na?"

"Ni na, Inna."

"Yau ban kai buhu guda ba. Ka iya da ni?"

"Akwai yashi ga goshi, Inna."

"To, kak ka jiƙa ni."

Ta warke, ta ƙara cin kasuwa shekaru kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Amma ranar, da muka iso kwata aka zo ɗaukarta, na ce su dakata. Na sunkuya na shafa zanen tun daga kafaɗa har ƙafa. A bushe yake.